Baƙuwar Agege a Ɗakina

Sallama gare ku 'yan uwana mata, har da mazan da ke laɓewa suna karantawa suna cewa su ba ruwansu da labarin soyayya. Na gan ku sarai. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, zuciyata a wuya take, in ban amayar da abin nan ba zai iya kwantar da ni.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Sakinatu, 'yar Malam Usaini limamin unguwarmu, a wani ƙauye tsakanin Gezawa da Zakirai. Ba zan faɗi sunan garin ba, na san halinku da bincike. Na gama sakandare, ina taya Innata Hure sana'ar daddawa, ina kuma da saurayi, sunansa Mika'ilu. Kun ga a nan na rubuta shi ɓaro-ɓaro, amma wallahi a cikin gidanmu bakina bai taɓa furta sunan nan ba. A wajenmu yarinya ba ta ambaton saurayinta a gaban iyaye, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Ko Inna in za ta yi maganarsa sai dai ta ce "yaron nan na gidan Ɗanliti", ni kuwa in sunkuyar da kai in kama wasa da bakin hijabina.

Mika'ilu acaɓa yake yi a Legas. Ya daɗe can a Agege cikin 'yan Arewa, yana riƙe da mahaifiyarsa, ni ma duk sallah sai atamfata ta iso. Ana nan aka hana acaɓa a manyan unguwannin garin. Shi da taurin kai ya ce bari ya ɗan ƙara lallaɓawa ta lungu-lungu, aka kama babur ɗin, bai sake ganin ko madubinsa ba. Ya dawo gida da jakar leda ɗaya da tabo a gwiwa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ki je gindin dalbejiyar bakin kasuwarmu ki sha kallo: ƙarti majiya ƙarfi a jere a kan benci, wanda ya dawo daga Kudu, wanda masana'antarsu ta Kano ta rufe, suna musun ƙwallo tun hantsi har inuwa ta juya. Da damina a ɗan taɓa noma, gonar kuwa ta gado ce, an raba an sake rabawa har ta koma kamar tabarmar salla. Da rani sai zama.

Da baffanninsa suka zo neman izini, Baba bai kore su ba, bai kuma karɓi komai ba. Cewa ya yi, "Yaro na gari ne, a gabana ya yi karatu. Amma ya nemi abin yi tukuna. Ba na ɗaukar 'ya in kai ta gindin bishiya." Haka aka bar mu a rataye. Inna kuwa kullum da waƙarta: "Sa'anninki duk suna goye da na biyu, ke kina nan kina gadin waya."

To, a bazarar nan da ɗorawa ta nuna, wata Laraba da la'asar, sai ga mutumin ya zo zance da riga a goge, har da turare. Na daɗe ban ga haƙoransa a waje haka ba. Muna zaune a dakalin ƙofar gida, wayarsa sai ƙara take, ƙit, ƙit, kamar an saki 'yan tsaki.

"Wa ke neman ka haka?"

"Aiki ne, Sakina. Allah ya kawo aiki."

Ya ba ni labari. Wai tun da aka hana acaɓa, 'yan Arewan Agege suka shiga wani hali, masu iyali suna kwana da yunwa, wasu suka tattara suka dawo. Sai wani dattijon ɗan kasuwa, Alhaji Abdulkabir, wanda asalinsa ɗan Makoda ne amma ya tsufa a can, ya tara samarin da suka rage ya ce tunda an ƙwace babur ba a ƙwace ƙafa ba. Ya buɗe rumfar kayan miyar Arewa: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, ƙuli-ƙuli. Tsofaffin 'yan acaɓa su ke kaiwa gida-gida, wani a baro, wani a keke. Kasuwa ta buɗe har kaya ba sa isa. Yanzu suna neman amintacce a gida da zai riƙa tattara kaya daga hannun mata yana turawa, aka ce a nemo Mika'ilu.

Na ce alhamdu lillahi, har da ƙwalla. Ni na san me aikin nan yake nufi, sa rana yake nufi.

"Bari ki ji ma," ya ce, ya danna saƙon murya.

Ai kuwa muryar mace ta fito, siririya, tana wani jan magana: "Mika, ka tashi lafiya? Ka dai ci abinci ko? Kar ka manta da maganar kukar nan o, kwastomomi sun dame ni."

Jama'a, Mika! Duk faɗin garinmu babu mai gutsure masa suna. Kuma ku gaya min tsakani da Allah, ina ruwan kuka da ko ya ci abinci?

"Alhajin ne da wannan muryar?" na ce.

Ya yi dariya. "'Yarsa ce, Tahira. Ita ke karɓar oda a waya. Haka suke magana a can, kar ki sa komai a ranki."

"Ni? Me zan sa? Allah ya ba da sa'a."

Na shiga gida na kasa cin tuwo. Daga ranar duk sanda na duba na ga yana kan layi bai yi min magana ba, sai in ji kamar an zuba min barkono a ƙirji. Kishi nake, na faɗa, ba na ɓoyewa. Abin haushin shi ne wadda nake kishi da ita ta hannunta aurena zai fito.

Ba a jima ba aka ce za ta zo da kanta ta ga kaya ta ga masu yi. Kawunta ne direba, ya kawo ta a doguwar bas da aka cire wa kujerun baya don lodi. Kun kuma san baƙuwa mace in ta sauka a gari ba ta da dangi, gidan liman ake kai ta. Gidan liman kuwa ɗakin budurwa ɗaya ne. Nawa.

Na share ɗakin har ƙarƙashin gado, na shimfiɗa zanin gadon da nake ɓoyo, na kunna turaren wuta. Ba don ita ba, don kar a je Legas a ce 'yan ƙauye ƙazamai ne. Na sa atamfata mai ruwan ganye, na ja kwalli, na zauna ina addu'ar Allah ya sa mummuna ce.

Ba mummuna ba ce. Doguwa, baƙa mai sheƙi, da wushirya. Abaya ruwan toka mai duwatsu a hannu, ɗan mayafi a yafe, takalmi fari ƙal a wannan jar ƙasar tamu, waya biyu a hannu ɗaya. Tana shigowa ta zube har ƙasa ta gai da Inna, "Mama, mun same ku lafiya?" Ta ɗauko atamfa da sabulai ta ajiye mata, ni kuma ta miƙo min man shafawa mai ƙamshin lemo, ta rungume ni kamar tare muka tashi. Na so ta zo da girman kai in samu abin kamawa. Ko kaɗan.

Mika'ilu ne ya shigo da jakarta har bakin zaure. Ya durƙusa ya gai da Inna daga nesa, idonsa a ƙasa, ni ko kallon inda nake bai yi ba. Ni ma na juya baya ina gyara murhun da ba abin da ya same shi. Haka ake yi, haka muka taso muka gani.

Bayan ta sha fura, muna zaune a tsakar gida, Inna tana tankaɗe a gefe, sai Tahira ta juyo ta dube ni.

"Sakina, ke kin san Mika sosai? Ya yake a garin nan?"

A gaban Inna fa! Na ji kunnuwana sun yi zafi. Inna ta ƙara sunkuyar da kai cikin rariya kamar ba ta ji ba.

"Ɗan unguwarmu ne," na ce. "Muna dai gaisawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Duk macen garinmu da ta ji wannan amsar, ta ga yadda na sadda kai, ta ga yadda Inna ta yi gum, ta gama gane komai. Ita kuwa a Agege aka haife ta, inda in mutum ya ce shi ke nan, to shi ke nan ɗin yake nufi. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da latsa wayarta.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya koma kamar gidan biki. Mata suna ta shigowa da ƙwarya da buhu, wannan kuka, wannan kuɓewa, wannan yaji. Matan da mazansu ke gindin dalbejiya, ku zo ku ga yadda fuskarsu ta washe. Su kansu mazan an samu masu ɗinkin buhu da masu dako, bencin ya yi sauƙi. Mu kuma muka dafa kalwa tukunya-tukunya, muka surfe, muka wanke, muka sake dafawa muka rufe ta ta yi. Ranar da aka buɗe, na ce yau 'yar birni za ta gudu, don warin daddawa sabuwar buɗewa ba ya barin baƙo. Ina! Ta tuɓe abaya ta ɗaura zanin Inna, ta karɓi taɓarya. Kirɓi uku ta yi hannunta ya tashi, tana dariya tana yarfe shi.

"Kai, Sakina, hannunki akwai albarka o! Wannan in ta shiga Agege, rana ɗaya ba za ta yi ba."

Ta ɗauki hotona ina mulmulawa, ta ɗauki na Inna. Inna da ba ta yabon mutum sai ga ta tana cewa, "Yarinyar nan akwai shiga rai." Na ji kamar in kifar da turmin. Saurayina bai ishe ta ba, har uwata za ta haɗa.

Duk sanda Mika'ilu ya yi sallama a zaure, ita ke zabura ta fita da wayoyinta. Ina jiyo su suna maganar buhu da mota, sai ta ƙyalƙyale da dariya, shi ma ya taya ta, wata irin dariya da ban san yana da ita ba. Suna ambaton wurare da mutanen da ban sani ba, wai mai shayin bakin gada, wai ranar da ruwa ya ci kasuwa. Shekarun nan da ya yi a can, ita tana cikinsu, ni ba na ciki. Na tura masa saƙo: "Dariyar me kuke yi?" Ya amsa: "Haba Sakina, aiki ne." Na rubuta masa magana mai tsawo, na goge, na tura "To."

Ranar Asabar da azahar, zafi ya kore mu ɗaki. Inna ta tafi barka maƙwabta. Tahira tana kwance a gadona, ƙafa a kan filona, tana fifita da murfin kwali. Sai ta mirgino.

"Sakina, in gaya miki wata magana? Na ga ke ba ki da surutu."

"Ina ji."

"Ni fa ba daddawa kaɗai ta kawo ni ba." Ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya. "Mika nake so. Tun yana kai ni makaranta a babur. Ranar da aka kama mashin ɗinsa har kuka na yi. Na gaya wa Abba, ya ce ba ya ƙi, amma sai ya ji asalinsa. In ya gamsu, shago zai ba shi a can, ya riƙe rumfar gaba ɗaya. Yau ma zai kira Malam ya yi bincike, tunda shi ne limaminsu."

'Yan uwa, nan ne ya kamata in buɗe baki. Inna ba ta nan, Baba ba ya nan, babu wanda zan ji wa kunya. Amma ban buɗe ba. Ni ce zan ce wa mai waya biyu da uba mai shago, don Allah ki bar min shi? In roƙe ta? Kuma in ta yi fushi ta kwashe buhunanta, matan nan fa, shi fa, sa ranar fa?

"Shi ya sani?" Abin da na iya cewa ke nan.

"Abba ya ɗan taɓa masa. Bai ce komai ba, kin san shi da kunya." Ta kamo hannuna. "Ki taya ni addu'a, kin ji? In an yi, ke ce babbar ƙawa."

Na zare hannuna na ce bari in duba shanya. Na fita na tsaya a tsakiyar rana, kan tabarmar daddawa, ƙudaje suna bi na, ina kallon ƙasa ba na ganin komai. Abba ya ɗan taɓa masa. Kuma bai ce komai ba.

Bayan la'asar Baba ya shigo ya zauna a kan buzunsa a inuwar rumbu, Inna ta kawo masa ruwa. Ni ina juya daddawa, Tahira tana bakin ƙofar ɗaki. Wayar Baba ta yi ƙara. Baba kunnensa ya ɗan yi nauyi, don haka duk kiran da zai amsa a bayyane yake sa shi, gida duka a ji.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da zafi, Alhaji Abdulkabir ya yi godiyar riƙon 'yarsa. Sannan ya gyara murya.

"Malam, wata amana zan ɗora maka. Yaron nan Mika'ilu, ina da niyyar haɗa shi da 'yar wajena. Na ce ba wanda zai gaya min gaskiya sai limaminsu. Ya halinsa?"

Na ga hannun Baba ya tsaya a kan carbi. Inna ta ajiye moɗa a hankali. Ba wanda ya kalle ni.

Ni na san Babana. Ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai yi ƙarya a shaidar aure ba. A raina ina cewa, Baba ka ce malalaci ne, ka ce yana da faɗa, ka ce komai. Ni da nake fushi in an kushe shi, yau ni ce nake roƙon a kushe shi.

"Alhaji," Baba ya ce, "yaron kirki ne. Yana salla, yana bin mahaifiyarsa, ban taɓa jin an kama shi da kayan wani ba. Zaman da ya yi ba lalaci ba ne, rashi ne."

"Madalla, madalla. To akwai alkawarin wata a kansa? Ba na so in shiga haƙƙin kowa."

Baba ya koma jan carbinsa har Alhaji ya ce, "Malam, kana ji na?" Na san abin da ke ransa. Bai karɓi komai ba, bai yi alkawari ba. Kuma liman guda ba zai buɗe baki ya ce 'yata ce ke son sa ba, kamar mai tallan 'ya.

"A iya sanina," Baba ya ce a hankali, "ba a ba shi kowa ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Wallahi ban sani ba. Sai dai na ji murya ta cika gidan, ashe tawa ce.

"Baba, ni fa? Mika'ilu nawa ne! Ni yake nema, kowa ya sani, kai ka ce ya jira!"

Inna ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Sakinatu, a gaban ubanki? Yau na ga abin da ya ishe ni!"

Daga cikin waya Alhaji yana cewa, "Subhanallahi, wace ce wannan?" Baba ya ce, "Alhaji, zan kira ka," ya kashe. Ya dube ni, kallon da tun da aka haife ni bai taɓa yi min ba. Ba fushi ba ne, da fushi ne da ya fi min sauƙi. Na durƙushe a wajen, hannuna duk daddawa, na fashe da kuka.

Tahira ta taso ta tsaya a kaina.

"Na tambaye ki, Sakina. Ranar da na zo na tambaye ki. Yau ma na gaya miki komai, kina kallo na. Me ya sa?"

"A gaban Inna kika tambaye ni."

"To sai me?"

To sai me. Ta ina zan fara yi mata bayani? Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Baba ya aika aka kira Mika'ilu. Suka zauna a zaure, ni kuwa na manne a bayan ƙyaure, Inna tana hararata amma ba ta kore ni ba, don ita ma kunnenta na can.

"Ka san da maganar Alhaji?"

"Ya taɓa min, Malam."

"Ka ce masa me?"

"Ban ce eh ba."

"Ka ce a'a?"

Na ciji hijabina.

"Malam, na ji tsoro ne. In na ce a'a aikin ya tashi, ba ni kaɗai zai shafa ba. Na ce bari kaya su fara tafiya tukuna, sai in san yadda zan yi masa bayani."

Baba ya yi gyaran murya. "Ni na jawo wannan, da na ce sai ka samu abin yi. To na janye. Yarinyar nan ta tona kanta a gaban baƙi saboda kai, ba ta da sauran mafaka a garin nan. In kana so, ka turo baffanninka gobe, na ba ka ita, ko ba ka da komai. Abin da muka ci ku ci. Amma gobe motar nan za ta tashi. In ka bi ta, na san ka zaɓa, ba kuma zan sake buɗe maganar ba. Tashi ka je."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Abin da na daɗe ina roƙo, ga shi Baba ya ba da shi kyauta. Na koma bayan rumbu na kira shi tun bai kai gida ba.

"Ka ji dai abin da Baba ya ce?"

"Na ji."

"To me ya sa muryarka haka?"

"Sakina, kayan matan garin nan ne a motar, har da na Inna. Da sunana aka karɓa. In ban je na damƙa su na yi wa Alhaji bayani ido da ido ba, wa zai sake yarda da mu?"

"Kawunta ya kai mana! Baba ya ce ko ba ka da komai."

"Shi ya ce." Ya ja numfashi. "Ni ne zan riƙa fita da safe in bar ki ba cefane, in je in zauna a bencin nan. Ba ki san me zama yake yi wa namiji ba. Har kunyar shiga gidanmu nake da rana."

"Ita kake so."

"Ke nake so."

"To ka zauna."

Ya ce ana kiran magariba, zai kira ni. Bai kira ba.

Da safe Tahira ta haɗa jakarta, ta ninke zanin Inna ta ajiye a bakin gado. Tun jiya ba mu ce wa juna uffan ba. Ta gai da Inna ta yi godiya, sannan ta tsaya a gabana, idonta a kumbure kamar nawa.

"Ban san naki ba ne, da ban fara ba. Amma na riga na fara, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba zan roƙe shi ya shiga motar ba. In kuma ya shiga, ba zan ce ya sauka ba."

Kun ji fa. Ko a nan sai da ta fi ni iya magana.

A bakin kasuwa aka yi lodin. Na ɗauki hijabi, Inna ta ce, "In kika taka ƙofar nan sai na saɓa miki. Abin da kika yi jiya bai isa ba?" Na zauna a kan turmi ina jiyo hayaniya daga nesa, mata suna guɗa, maza suna ihun a ja igiya. Garin duka murna yake. Duk sallamar da aka yi a zaure sai na zabura in ce baffanninsa ne. Mai neman aron rariya ce. Mai kawo kukar da ta makara ce.

Can na ji tashin mota, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Baba ya shigo da hantsi. Ya cire takalmi, ya zauna a buzu, ya daɗe yana kallon tabarmar da babu sauran daddawa a kai. Bai dube ni ba, Inna ya yi wa magana.

"Hure, ya bi motar. Ki ce wa yarinyar nan ta ci abinci."

Na shiga ɗaki. Ƙamshin turarenta ya kama filona, na yi jifa da shi. Sai wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Kaya kawai zan kai in dawo, wallahi. Ki roƙar min Baba."

In roƙi Baba. Mutumin da bai taɓa maimaita magana ba tun da na san shi. Ina da abin faɗa cike da baki: ka cuce ni, na zubar da mutuncina a gaban ubana saboda kai, ka sauka a Gezawa ka hau acaɓa ka dawo tun baffanninka ba su fita gona ba. Duk na rubuta, duk na goge. Bas ɗin nan kujerar gaba kaɗai gare ta, daga nan har Legas. Abin da yatsuna suka tura masa shi ne:

"Ita a ina ta zauna?"

Alamar ta nuna ya karanta. Har yanzu da nake rubuta muku, bai amsa ba.